Saude Mai Guɗa da Jan-Baki

Abin da aka yi wa Saude mai guɗa ba a ɓoye aka yi shi ba. A fili aka yi, da rana tsaka, a bakin kanal, mutanen Unguwar Jaji suna wucewa suna yi mata sannu da aiki. Gonarmu tana kan hanyar, na gani da idona, kuma zan faɗe shi yadda ya faru. Wanda zai ji haushi ya ji.

Daminar da aka yi zaɓen tamanin da uku, ruwan sama ya yi mana rowa. Geron tudu ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, dawa ta tsaya cak ta ƙi gaba. Abin da ya rage kore a ƙasar nan sai shinkafar da ke shan ruwan kanal tsakanin Kura da Bunkure. To, ba mu kaɗai muka lura da haka ba, jan-baki ma sun lura. Tsuntsaye ne 'yan mitsi-mitsi, guda ɗaya ko loma bai kai ba, amma in suka taso gaba ɗaya sai ka ɗauka hadari ne. Shinkafa tana fitar da kai, ƙwayar tana ruwan nono, suka iso.

Makwancinsu wani kurmin geza ne da ciyawa a ƙarshen gonaki, inda rarar ruwan kanal take taruwa. Kurmin na gidan Malam Isiyaku ne, kuma da aka raba gado sai ya faɗo a rabon ƙanensa Musbahu, don shi ɗan boko ne, ba a ga amfanin ba shi inda ake nomawa ba. Gonar shinkafar gidan tana manne da kurmin. Tsuntsu in ya farka da safe ba sai ya yi nisa ba, karin kumallo yana ƙofar ɗaki.

A shekarar mutum biyu ke neman kujerar majalisar jiha a mazaɓarmu, wadda ta haɗa ƙauyukan nan da unguwannin bakin birni ta wajen Kumbotso. Na farko Dalhatu, wani dillalin tumatir daga wajen Kadawa. Alkawari ɗaya ya riƙe: in ya ci, zai sa a turo jirgin feshi a zazzaga wa kurmin guba kowa ya huta. Duk ƙauyen da ya faɗi haka sai an ɗaga shi sama. Na biyu Musbahu ne da kansa, wanda ya ajiye koyarwa a birni ya shiga siyasa. Shi cewa ya yi muddin yana numfashi ba jirgin da zai yi feshi a nan, don ruwan da ya bar gonakinmu kogi yake komawa, daga kogi sai famfon birni, kuma guba ba ta tantance jan-baki da balbela da kifi. Ya ce tsuntsu ma halittar Allah ne. Duk unguwar da ya faɗi haka a birni sai an tafa masa. Na ƙauye ba su da famfo, na birni ba su taɓa tsaron gona ba, saboda haka kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai da hankali.

Da can in jan-baki suka sauka, Dogo ake kira, wani Bamaguje daga tsallaken kanal. Ya zo da ragarsa ya kama su buhu-buhu a makwanci, a soye a kai kasuwar Bunkure. Ba ya ƙarar da su, amma in ya dame su sukan canza wurin kwana. A wannan karon ma ya zo, ya tarar da Malam Isiyaku da Musbahu a zaure.

"Malam Isiyaku, na ga baƙinku sun iso," in ji Dogo. "In kawo raga?"

Musbahu ne ya amsa. "Raga? A kurmina? Dogo, so kake gobe a buga ni a jarida, a ce mai kare tsuntsu a birni shi ke soya su a ƙauye? Ko majajjawa ban yarda a harba a gonar gidanmu ba sai an gama zaɓe."

"To shinkafar fa?"

"Za a kore su da lalama."

Dogo ya dubi Malam Isiyaku. Malam Isiyaku ya dubi carbinsa. Dogo ya ce Allah ya ba da sa'a, ya sa takalmansa ya tafi.

Saura a san wanda zai yi korar da lalama. Samarin gidan suna bin motar kamfe, suna manna hoton Musbahu a bango. Yara kuwa, Musbahu ya ce ba za a ga 'ya'yan gidan mai wa'azin ilimi suna tsaron tsuntsu ba, ya kwashe su birni wai su yi karatun hutu. Zuliha, matar Malam Isiyaku, da matan samarin duk suna kulle. Malam Isiyaku shi ne maigida, baƙi suna zuwa, ba a barin zaure ba kowa. Da aka gama cire waɗanda ba za su iya ba, sai aka ga saura Saude.

Saude matar marigayi Hambali ce, yayan su Malam Isiyaku. Ita ta goyi Musbahu lokacin da uwarsu ta rasu. Ba ta da ɗa namiji, 'yarta ɗaya tana aure can Gombe. Abin da ta mallaka a duniya muryarta ce. Daga Kura har Bunkure ba a kai amarya ko a raɗa suna a ce biki ya yi armashi in Saude ba ta rangaɗa guɗa ba. Da guɗar take samun sabulunta da goronta da zanen sallah, da ita kuma take zaune a gidan nan da ɗan mutuncinta, ba a kallonta a matsayin baki mai ci kawai.

Malam Isiyaku ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi gyaran murya.

"Yaya Saude, wata 'yar alfarma ce. Kin ga ke shekaru sun ɗauke miki kulle, kuma duk gidan nan ba mai murya irin taki."

"Malam, muryar biki ce," in ji Saude. "Ba ta ihu ba ce."

"Ai duk maƙogwaro ɗaya ne. Kwana nawa ne? Da an yi zaɓe an yanke shinkafa, shi ke nan."

Musbahu ya leƙo ta bayansa, ya ɗan rusuna. "Iya Saude, ke ce uwata. In ba ki rufa min asiri ba, wa zai rufa?"

Ta ce to.

Tsaron jan-baki, ga wanda bai sani ba, ba zama ba ne. Da gari ya yi haske suke tasowa, ba sa komawa sai rana ta faɗi. Akan ja igiya a ƙetare gona a rataya mata gwangwanaye, mai tsaro ya riƙa fizga, amma kwana kaɗan suke yi su gane gwangwani ba ya cizo. Murya kaɗai suke tsoro. Su sauka a gabas, Saude ta ƙwalla: "Haa! Haa! Kai! Tashi!" Su tashi su yi kewaye, su sauka a yamma. Ta bi ta kan kunya tana santsi a taɓo, ta sake ƙwallawa. In ta ta da salla a kan kunyar, kafin ta sallame sun ci nasu rabon. Ɗumamen da ta ƙunso da safe da gorar ruwa su ne abincinta, don matan gidan suna fama da girkin 'yan kamfe, ba mai tunawa da gona.

Da farko kam abin har da ban sha'awa. Muryar Saude in ta tashi, gona uku take sharewa lokaci guda. Maƙwabta suka samu sauƙi, yaran da suka ajiye tsaro har wasan langa suke yi. Kowa ya wuce sai ya ce, "Saude, Allah ya ƙara murya."

Ana cikin haka Sa'a, maƙwabciyarsu, ta zo aurar da 'yarta, ta aiko a ba ta aron Saude na wuni ɗaya. Malam Isiyaku ya ce tsuntsu bai san biki ba, in an yi magariba ta je. Ta je ɗin, da taɓo a ƙafa. Aka fito da amarya, mata suka dare suka ba ta fili yadda aka saba. Ta kama hanci, ta ɗaga kai, guɗar ta tashi ta kai rabi, sai ta karye kamar busasshen kara. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta make ta, amma an riga an ji. Saude ta sake gwadawa, ta sake karyewa. Ta ja gyalenta ta koma gida ba ta ko karɓi goro ba. Sa'a ta ce min tunda take ba ta taɓa ganin hawayen Saude a gidan biki ba sai ranar.

Wata Lahadi Musbahu ya kawo baƙi daga birni, mota biyu. Magoya bayansa ne, masu son tsuntsaye, wasu da madubin hangen nesa rataye a wuya. Cikinsu har da Hajiya Ruƙayyatu, shugabar matan kamfensa. Suka tsaya a kan hanyar kanal suna ɗage riguna kada taɓo ya taɓa su. Jan-baki suka taso daga kurmi suka nufo gona, Saude ta ƙwalla da abin da ya rage mata, suka watse.

Musbahu ya tattare babbar rigarsa ya ƙaraso wajenta.

"Iya, don Allah ɗan sassauta. Mutanen nan daga nesa suka zo, so suke su ga sun sauka."

"Su sauka a ina, Auta?"

"A gonar mana. Na ɗan lokaci ne."

Saude ta daina ƙwallawa, ta harɗe hannu a baya. Tsuntsaye suka dawo, suka yi juyi, suka lulluɓe fangalin gabas, wato ɓangaren gonar na gabas. Daga inda take tana jin ƙarar cinsu.

"Kai, ikon Allah!" in ji Hajiya Ruƙayyatu. "Dubi yadda suke juyawa kamar hayaƙi. Wannan ne wasu marasa imani suke so a fesa wa guba?"

Baballe, mai gonar da ke kusa, yana tsaye da fartanya a kafaɗa, ya kasa haƙuri. "Hajiya, in kuna son su haka, ku kawo buhu ku kwashe ku kai birni, mu mun yafe."

"Ku ma in kuna son gubar ku shanye ta a nan," in ji Hajiya, "kada ta gangaro mana famfo. Da shi muke dama wa jarirai koko."

Sai ta juya wajen Saude da fara'a.

"Baba, kin ji daɗinki, kullum kina kallon wannan kyauta."

"Ina ji, Hajiya."

"Ayya, muryarki ta dushe. Ki riƙa shan ruwan ɗumi."

Baƙi ba su tafi ba sai da rana ta karkata. Da yamma Malam Isiyaku ya zagayo, ya murza kan shinkafar fangalin gabas ya ji ƙaiƙayi zalla. Ya girgiza kai ya ce, "Yaya Saude, yau kam kin yi sanyi."

Daga nan maƙogwaron ya fara ciwo sosai. Haɗiyar miyau ma sai ta runtse ido. Wata rana ta tofar ta ga jini. Malamin ɗakin shan magani yana wucewa a keke ya ji irin sautin da ke fita daga bakinta, ya tsaya, ya sa ta buɗe baki ta fuskanci rana. Ya ce, "Baba, in kina son muryar nan, daga yau ko sallama da hannu za ki riƙa amsawa, har ta warke. In kika ci gaba da ihu, tafiya za ta yi, kuma ban ce miki za ta dawo ba."

Saude ta tsorata ƙwarai. Da ta dawo gida ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana faɗa musu, da 'yar muryar da sai an matso ake ji.

Malam Isiyaku ya ce, "Malaman asibitin nan in ka bi tasu ko tari ba za ka yi ba. Shinkafar nan ita ce abincinmu na shekara, har da ke a ciki. Ko so kike mu zuba wa tsuntsu ido?"

Zuliha ta ce, "Wallahi Yaya, ba don aure ba da ni zan je. Tausayinki har hana ni cin abinci yake yi." Saude ta roƙe ta ɗan zuma, don ta san akwai kwalba guda a ɗakin. Zuliha ta ce wannan Malam ya ce a ajiye wa Musbahu, muryarsa ta dushe wajen jawabi. Ta ba ta 'yar kanwa ta ce ta jiƙa.

Musbahu ta tare shi zai shiga mota.

"Auta, ka bar Dogo ya zo da ragarsa ko sau ɗaya."

Ya dafa wuyansa. "Iya, kin ji tawa ma. Duk fama muke. Saura ƙiris. In na ci, da kaina zan kai ki babban asibiti a birni."

Ta ɗaga kai ta dubi lasifikar da ke ɗaure a kan motar. "To ara min wannan."

Musbahu ya yi dariya har da buga ƙafa. "Iya ke nan, ba kya rabo da barkwanci." Ya shiga mota, aka kunna waƙar kamfe, suka tafi.

Ta koma gona. Me za ta yi? In ta ƙi zuwa a ce ita ta ba tsuntsu abincin gida, in ta je muryar tana zubewa. Wata safiya jan-baki suka taso, ta buɗe baki ta ƙwalla, iska kawai ta fito. Ta sake. Iska. Ta tsaya ta kama wuyanta da hannu biyu, tsuntsaye suna sauka a gefenta kamar ba mutum a wurin.

Washegari ta fito da tsohon kwanon sha da guntun itace. Da suka saba da kwanon sai ta koma gudu. Mace mai jikoki, tana gudu a cikin taɓo daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana kaɗa gyale. Ƙafafunta suka tsattsage, ruwa ya cinye tsakanin yatsun. Masu wucewa suka daina cewa Allah ya ƙara murya, suka koma cewa sannu kawai, ita kuma ta ɗaga hannu. Amma fa ta riƙe gonar. Ban da fangalin da aka ciyar don baƙi, shinkafar ta yi nauyi ta sunkuyar da kai, ta fara ja. Kowa ya ce 'yan kwanaki suka rage a sa lauje.

Sai ranar zaɓe ta zo, wata Asabar.

Da sassafe Saude ta ɗauki kwanonta za ta fita, Malam Isiyaku ya tare ƙofar zaure.

"Yau ba gona, Yaya Saude. Ƙuri'a. Garin nan kaf Dalhatu za su yi, kin sani. In aka buɗe akwatin mahaifar Musbahu aka ga wayam, da wane ido za mu kalli mutane? Duk mai babban yatsa a gidan nan sai ya dangwala."

Ta nuna wajen gona, ta kaɗa hannuwa.

"Na sani, na sani. Yanzu-yanzu za ki dangwala ki koma. Ai ba cinye ta za su yi kafin hantsi ba."

Aka tasa matan gidan gaba zuwa firamare. Malaman zaɓe ba su iso da wuri ba. Da suka iso aka ce akwati bai zo ba. Da akwati ya zo aka ce maza za a fara sallama, don su suke da gaggawa. Mata suka zauna a gindin darbejiya suna fifita da bakin mayafi.

Kowane gida a garin ya bar yaransa a gona kafin ya fito. Daga firamaren ana jiyo ihunsu da ƙarar majajjawa ta ko'ina. Gona ɗaya ce ba kowa, don yaran gidan suna birni suna karatun hutu. Jan-baki suka taso, aka kore su daga nan, aka kore su daga can, suka yi kewaye, suka gano inda ba ihu. Daga gindin darbejiyar Saude tana hango su suna zuba a wuri ɗaya, ayari bayan ayari.

Ta miƙe zumbur. Zuliha ta cafke bakin gyalenta.

"Haba Yaya, in kika tafi ni Malam zai yi wa faɗa. Ga shi an kusa zuwa kanmu."

Ta nuna mata sama. Zuliha ta duba ta ce, "Ai kuwa da yawa," ba ta saki gyalen ba.

Sai bayan la'asar layi ya zo kanta. Malam Isiyaku ya riga ya nuna mata inda za ta sa yatsa. Ta dangwala wa mai kare tsuntsu, ta jefa a akwati, ta fita da gudu da tawada a hannu. Da ta isa gonar ba ta tarar da tsuntsu ko ɗaya ba, sun ƙoshi sun koma kurmi. Shinkafar da ta bari jiya a sunkuye duk ta miƙe tsaye, don ba sauran nauyi a kanta. Saude ta zauna a kan kunya, bakinta a buɗe, kafaɗunta suna rawa. Kuka take yi, amma ko Baballe da ke gona ta gaba bai ji ba sai da ya waiwayo.

Musbahu ya ci zaɓe. Ƙauyuka duk Dalhatu suka yi, a akwatin Unguwar Jaji ma Musbahu bai samu komai ba sai na 'yan gidansu, amma birni ya fi mu yawan yatsu. Ashe ko Saude ba ta dangwala ba, da ya ci abinsa.

Washegarin sanarwa Malam Isiyaku ya tara gida a tsakar gida, har da sabon ɗan majalisa a kan kujera. Ya ce murna daban, gaskiya daban, dole a san yadda aka yi abincin shekara ya salwanta.

"Yaya Saude, ke aka ba amanar gonar nan. Kin fi kowa sanin ba kowa a can. Me ya hana ki buɗe baki ki tuna min?"

Saude ta dube shi.

"Zuliha, kuna tare a layi. Ta ce miki wani abu?"

"Ni dai ban ji ta ce komai ba, Malam," in ji Zuliha. Kuma ba ƙarya ta yi ba.

Saude ta miƙe. Ta nuna ƙofar zaure, ta nuna gyalenta, ta nuna Zuliha, sannan ta ɗaga yatsa ta nuna Malam Isiyaku.

"La'ilaha illallahu!" in ji Malam Isiyaku. "Ni kike nunawa da yatsa a gaban iyalina? Bayan asarar da kika ja mana?"

"A bar maganar, Yaya Isiyaku," in ji Musbahu cikin natsuwa. "Tsufa ne. Ni dai abin da nake so a gane, ba laifin tsuntsu ba ne. Sakaci ne na ɗan Adam." Wani daga cikin samarin ya tuna masa zancen babban asibiti, ya ce yana sane, sai an rantsar da su.

Aka yi walimar cin zaɓe, aka ɗauko wata mai guɗa daga Kura. Ba ta kai Saude ba ko kusa, amma an ce ta yi ƙoƙari. Saude tana bayan ɗaki tana wanke kwanukan baƙi.

Cikin satin nan aka aika wa Dogo ya zo da ragarsa. Musbahu ya ce tunda an gama zaɓe ba laifi, a dai tabbata ba mai ɗaukar hoto. Dogo ya dame su da raga, kafin a ce haka jan-baki sun bar kurmin. Mutanen birni suka ci gaba da shan ruwan famfonsu ba guba, kuma ban ga laifinsu ba. Mutanen ƙauye suka ci gaba da ɗaga kai in sun ji ƙarar jirgi, su ma ban ga laifinsu ba. Kowa ya jefa ƙuri'arsa inda cikinsa yake. Abin da na kasa haɗiyewa har yau shi ne, a duk gardamar nan da aka sha ta hakkin tsuntsu da hakkin manomi, a kan lasifika da teburin mai shayi, ban ji wanda ya tambayi wa ke tsaye a cikin taɓon ba. Gida guda, maza da gemunsu, suka ɗauki mace ɗaya suka toshe ramin da ita, don ita ce ba ta da ɗan da zai tsaya mata.

Da aka share rumbu aka ga abin da ya rage, Malam Isiyaku ya ce abinci ba zai kai ba, dole a rage baki. Ya ce kuma zaman Saude a gidan yana sa ta tunani, gara ta je wajen ƙanenta Muntari, can gaba da Bunkure, ta ɗan huta. Ba a tambaye ta ba, tunda an san ba za ta amsa ba. Aka ɗaure mata tabarmarta da ƙullin kayanta da 'yan kwanukanta, aka ɗora a bayan a-kori-kurar kamfe. Zuliha ta rako ta har zaure tana share ido, ta ce wallahi gidan zai yi musu faɗi.

Direban da ya kai ta shi ya ba da sauran labarin da bakinsa. Ya ce sun tarar da Muntari a ƙofar gida yana gyaran mangala. Da ya ga yayarsa da kaya niƙi-niƙi ya miƙe a firgice.

"Lafiya? Yaya, me ya faru?"

Direba ya sauke tabarma ya ce, "Malam Isiyaku yana gaisuwa. Ya ce a gaya maka ita ta matsa sai ta taho. Sun yi sun yi ta zauna, ta ƙi."

Muntari ya juya. "Haka ne, Yaya? Gidan da kika tsufa a ciki, ki ce kin gaji da shi? A wannan shekarar da mu ma ba mu girbi komai ba?"

Saude ta buɗe baki. Ta girgiza kai, ta sake girgizawa, hawaye yana bin fuskarta.

"Ka gani ko," in ji direba, yana rufe bayan mota. "Ko maganar ba ta so a tayar."